Yadda Gizo Ya Yi Dillancin Gidan Nomau

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta taho mu saurara, Kaka.

To ku matso, ku bar ture-turen nan. Sallau, ajiye kwanon, ai ka gama side shi.

A wani gari an yi wani tsoho masaƙi, sunansa Nomau. Gidansa ba babba ba ne, amma gida ne mai kyau. Akwai zaure, akwai ɗakuna uku na soro, akwai rijiya a tsakar gida wadda ba ta ƙafewa ko da bazara, ga bishiyar lemon tsami a bakinta. A inuwar lemon nan yake kafa masaƙarsa.

Da kwanansa ya ƙare, ya bar 'ya'ya uku. Babbar ita ce Tasalla mai daddawa. Mijinta ya rasu, tana zaune a gidan ƙanin mijin, shi kuwa ya riga ya gaya mata ɗansa zai yi aure da kaka, za a buƙaci ɗakin da take ciki. Mai bi mata Barau, manomi ne a gefen gari, ba shi da buri sai na shanun noma. Autansu Cindo, marini ne a bayan kasuwa.

Dukansu uku sun san sayar da gidan nan a raba shi ne mafita. Amma ranar sadakar arba'in sai suka ɓata. Barau ya ce Cindo bai iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Cindo ya ce Barau ya sayar da akuyar Baba tun Baba na numfashi. Tasalla ta ce su biyun duk su rufe mata baki, wata biyar tana jinya ita kaɗai ba wanda ya taɓa wanke ko tsumma. Kowa ya kaɗe rigarsa ya tafi. Daga ranar ko gaisuwa babu.

To Gizo yana wurin sadakar, yana cin waina yana saurare.

Washegari ya tafi wurin Tasalla. Kun san Gizo da tsamin baki. Ya durƙusa ya ce, "Shannu da haƙuri, uwar ɗakina. Ba shai kin wahalar da kanki da yaran nan ba. Ni dillali ne. Zan nemo mai shaye, in kai musu magana, in kawo miki."

Tasalla ta ce, "Wallahi ka hutar da ni. Ko ganinsu ba na son yi."

Ya je wurin Barau ya faɗi haka, ya je wurin Cindo ya faɗi haka. Kowa ya ce ya yarda, tunda ba shi zai taka ya je wurin ɗan'uwansa ba. Gizo ya ƙara da cewa gidan da ba kowa ɓarayi ke shiga, gara shi ya riƙa kwana a ciki kafin a sami mai saye. Kafin la'asar ya kwaso matarsa Ƙoƙi da 'ya'yansu da tukwanensu, sun tare.

Tasalla tana aika masa daddawa don ya yi sauri. Barau ya ba shi damin dawa don ya kula da rabonsa. Cindo ya rina masa riga don ya fita kunyar masu saye. Gizo ya yi ƙiba, wuyansa har ya yi ninki.

Ana nan sai ga Raƙumi, falke mai kawo gishiri daga arewa, yana neman inda zai riƙa sauke kaya. Ya leƙa ta kan katanga, ya zagaya, ya sha ruwan rijiya, ya ce, "Gida ya yi. Na taya, kuma ba na son jan ciniki. Kwana uku zan yi a garin nan." Tayi kuwa mai kyau ya yi.

Da ya fita Ƙoƙi ta ce, "To mu ina za mu koma?"

Gizo ya ce, "Ke dai hura wutarki."

Ya je wurin Tasalla, ta ce, "Alhamdu lillahi, na sallama." Ya je wurin Cindo, ya ce, "Ni ma na sallama." Da ya isa wurin Barau sai ya zauna a kan turmi ya yi tagumi, ya yi ajiyar zuciya.

Barau ya ce, "Lafiya?"

"Lafiya lau, maigida. Ni dai ba na shon gulma."

"Faɗi mana."

"Ba ka yi mamakin shaurin da Yaya ta yi ta yarda ba? An ce an ga Raƙumi ya shauke mata buhun gishiri ta bayan ɗaki. Ni ban gani ba, an ce ne."

Barau ya miƙe tsaye. Ya ce, "Wato ta ci nata a gefe, sannan ta zo a raba da ita? Je ka ce ban sallama ba."

Gizo ya koma wurin Raƙumi ya ce, "Barau ya ce wuyanka ya yi tsawo, za ka riƙa leƙa matan maƙwabta."

Raƙumi ya yi tsaki mai ƙarfi. Ya ce, "Na yi ciniki a kasuwa ta fi ɗari, ba a taɓa auna wuyana ba sai a garin nan." Ya ɗaura kayansa ya wuce.

Da Tasalla ta tambayi dalili, Gizo ya ce, "Barau ya ce shi ba ya gaggawa, yana da wurin kwana." Tasalla ta cije leɓe, ta ci gaba da kirɓa kalwarta kamar turmin ne ya yi mata laifi.

A makon nan Gizo ya cire ƙyauren zaure ya kai wa mahauci, ya karɓo cinyar rago.

Rani ya wuce, bazara ta shigo. Sai ga Zabuwa da 'ya'yanta ashirin a bayanta, tana neman gida mai fili. Ta shiga nan, ta fita can, ta tona ƙasa, ta ƙirga ɗakuna sau uku don ba ta yarda da ƙirgan farko ba. Ta ce, "Na taya." Tayinta bai kai na Raƙumi ba, don ta ga zaure ba ƙyaure, amma ba laifi.

Tasalla ta ce, "Na sallama, a yi a gama." Barau ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas ga shi ba shanu, ya ce, "Na sallama." Sai Gizo ya tafi marina, ya tsaya a bakin karofi yana share ido da gefen riga.

Cindo ya ce, "Me ya faru?"

"Ba komai, auta. Baba kawai na tuna."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin. Zabuwa ta ce ranar da ta tare za ta share lemon nan tun daga shaiwa. Ɗakin Baba kuma akurki za ta mai da shi. Yayyenka duk sun ji, ba wanda ya ce uffan."

Cindo ya saki sandar da yake motsa baban rini da ita. Idonsa ya ciko. Ya ce, "Lemon da Baba ya dasa da hannunsa? Ɗakin da aka haife ni? Je ka ce ban sallama ba."

Gizo ya koma ya ce wa Zabuwa, "Cindo ya ce ba ya shayar wa mai shanƙo."

Zabuwa ta shafa kanta, ta tara 'ya'yanta, ta fita tana masifa, har ta kai ƙofar gari ana jin muryarta.

Da labari ya kai wa Tasalla, ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ce, "Ni Tasalla, wane irin ƙanne aka bar min? In wannan ya yarda wancan ya ƙi, in wancan ya yarda wannan ya ƙi. Su biyun kamar masu yin karɓa-karɓa." A ranar kuwa ƙanin mijinta ya sa an jibge farar ƙasa a ƙofar ɗakinta, wai za a yi wa amarya shafe. Ya dai gaishe ta ya wuce.

Gizo kuma itacen girki ya ƙare masa. Ya hau ɗakin baya ya fara zare azara ɗaya bayan ɗaya, Ƙoƙi na faskarawa.

Damina ta sauka. Sai ga Kunkuru, dattijo ne mai abin hannu, yana son gida kusa da ruwa. Wuni guda ya yi yana zagaya gidan. Da ya gama ya ce, "Na taya. Amma ni ba na sayen gidan gado sai na ji daga bakin magada, kowa da kansa."

Gizo ya ce, "Ai suna da hidima, baba. Ni ne bakinsu."

Kunkuru ya ce, "Ni ba ni da hidima. Mu je."

Ba yadda Gizo ya iya. Ya kai shi gonar Barau. Barau, da ya gaji da noma da fartanya, ya ce, "Na sallama, in Yaya ta yarda." Ya kai shi marina. Cindo ya tambaya ko zai sare lemo, Kunkuru ya ce inuwa yake nema. Cindo ya ce, "To na sallama, in Yaya ta yarda." Har sau biyu ya faɗa.

Saura Tasalla, ga gidanta a can ƙarshen gari. Gizo ya ce wa Kunkuru ya biyo shi a hankali, bari ya yi gaba a shimfiɗa masa tabarma. Ya zura da gudu.

Ya sami Tasalla tana shanya daddawa. Ta ce, "An samu?"

"An shamu, uwar ɗakina. Har ma sun gama."

"Sun gama me?"

"Ciniki. Na ce a jira Yaya, suka ce mace ce, rabonta rabi, maganarta ma rabi. Wai in an raba a aiko miki da naki a ƙullin zane."

Tasalla ta ajiye faifai. Ta ce, "Ni na goya Barau. Ni na yaye Cindo da uwarmu ta rasu. Yau ni ce rabi? Je ka gaya musu ban sallama ba. Ko a gindin bishiya zan kwana, ban sallama ba."

Kun ji fa. Ita da ta fi kowa buƙata, ita ta rushe da bakinta.

Gizo ya juyo yana tsalle. Ya tarar da Kunkuru a hanya ya ce, "Koma, baba. Tashalla ta ce ba ta shayar wa mai haɗama. Wai kana yawo da gida a bayanka kana neman na marayu."

Kunkuru ya ce, "To."

Gizo ya tafi gida yana waƙa. Kunkuru kuwa ya tsaya ya dubi gaba, ya dubi baya. Ya ce a ransa, "Na ci fiye da rabin hanya. Komawa ta fi nisa. Ga shi kuma daddawa ta ƙare a gidana." Sai ya ci gaba da tafiyarsa. Kwana biyu yana tafe, ruwa na dukansa.

Ya iso ya yi sallama ya sayi daddawa. Da zai juya ya ce, "Baiwar Allah, ba ciniki na zo ba, an gama wannan. Amma gidan da ke bayana da shi aka haife ni, ban ƙwace na kowa ba. Bai kamata ki zage ni da shi ba."

Tasalla ta ce, "Ni? Yaushe na taɓa ganinka da zan zage ka?"

"Gizo ya ce kin kira ni mai haɗama."

"Ni abin da na ce, ban sallama ba, tunda ƙannena sun sayar ba su tambaye ni ba."

Kunkuru ya ce, "Ba su sayar ba. A gabana kowannensu ya ce sai in Yaya ta yarda. Ƙaramin ma sau biyu ya faɗa."

Tasalla ta miƙe tsaye. Ta dubi Kunkuru, ta dubi farar ƙasar da ke ƙofar ɗakinta. Sannan ta ɗauki mayafi, ko daddawar ba ta rufe ba.

Ta sami Barau a gona ta fizge fartanyar hannunsa. Ya ce, "Yaya, lafiya?" Ta ce, "Wuce mu je." Ta sami Cindo hannunsa dumu-dumu da baba, ya ce bari ya wanke. Ta ce, "Taho da shi haka." Ta zaunar da su a tabarma ɗaya a rumfar marina, wannan na kallon gabas, wancan na kallon yamma.

Ta ce, "Barau, me ya hana ka sayar wa Raƙumi?"

Barau ya ce, "Ke kin fi ni sani. Gishirin da ya sauke miki fa?"

"Wane gishiri? Ni da nake miya da kanwa tun rani?"

Barau ya sosa ƙeya.

"Kai kuma Cindo, Zabuwa me ta yi maka?"

"Cewa ta yi za ta sare lemon Baba."

Barau ya ce, "Zabuwa? Da wane gatarin? Da wane hannun?"

Cindo ya sunkuyar da kai.

Barau ya ce, "To ke Yaya, Kunkuru fa?"

Tasalla ta ce, "Ni ma abin da ya ci ku shi ya ci ni. Ku tashi."

Suka nufi gidan mahaifinsu, wanda tun ranar arba'in ba wanda ya leƙa a cikinsu. Zaure ba ƙyaure. Ɗakin baya ya rufta, ruwan kwana biyu ya mai da shi tudun laka. Na tsakiya rufinsa ya lotsa, ana hango sama. Ba guga, ba murfin rijiya. Lemo an sassare rassansa, saura kututture da ɗan reshe ɗaya. A tsakar gida Ƙoƙi na tuƙa tuwo, itacen da ke cin wuta a murhu kuwa ƙafar masaƙar Nomau ce.

Cindo ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannunsa mai baba.

Gizo na kwance a tabarma yana sakace. Da ya gan su su uku a jere, tsinken ya faɗi daga bakinsa. Amma Gizo ne. Ya miƙe yana murmushi ya ce, "Maraba, maraba. Maigida Barau, ɗan zo gefe, akwai wata magana."

Kun san Barau har ya ɗaga ƙafa zai bi shi? Tasalla ta damƙo rigarsa ta baya. Ta ce, "Faɗe ta nan."

Gizo ya ce, "To auta, kai zo, taka ce ma."

Tasalla ta ce, "Faɗe ta nan."

"Uwar ɗakina, ke kin san ni da ke ba ma haka. Ba ni kunnenki kaɗan."

"Kunnuwa shida ne a nan, Gizo. Duk maganar da kake da ita, faɗe ta mu ji tare."

Gizo ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi maganar da za ta shiga kunne shida a lokaci ɗaya, ya rasa. Barau ya sunkuya ya ɗauki guntun azara. Ƙoƙi ta sauke tukunya, ta kwashi 'ya'yanta ta bi ta inda katanga ta zube. Gizo ya ruga zaure, ya haye bango, ya matse jikinsa cikin wata tsaga a can saƙon rufi. Barau ya yi ta zungura, bai same shi ba.

Bayan kwana biyu Kunkuru ya iso. Ya sake wuni yana zagayawa. Ya ce, "Ran nan gida na taya, ko da yake ya sha wuya. Yau kango nake gani da rijiya. In kun yarda, zan saya a matsayin fili."

Suka dubi juna. Wannan karon ba wanda ya aiki wani. Tasalla ta ce, "Mun sallama."

Aka kira mai unguwa da shaidu a zaure, aka raba yadda addini ya ce. Abin da Barau ya samu bai kai shanun noma ba, ɗan maraƙi ya saya. Na Cindo ya tafi a baba da toka. Na Tasalla kuwa ko ɗaki ɗaya bai isa saye ba. Barau ya sunkuyar da kai ya ce akwai fili a gidansa, shi zai buga tubali. Cindo ya ce shi zai kawo azara. Nan take kuma suka fara musu a kan ta wane gefe ƙofa za ta kalla, sai da Tasalla ta ce in ba su yi shiru ba za ta haɗa kawunansu ta gwara.

Suna naɗe tabarma za su fita, sai suka ji wata siririyar murya daga saƙon rufi.

"Uwar ɗakina. An shayar ke nan?"

Tasalla ta ɗaga kai. Ta ce, "An sayar."

"Madalla. To la'adata fa? Ai ni na kawo Kunkuru."

Tasalla ta ajiye tabarmar. Ta miƙa wa Cindo mayafinta, ta ɗauki tsintsiya ta ɗaura a kan gora, ta shiga bin saƙo-saƙon zauren nan tana sharɓe. In ta share nan ya koma can, in ta share can ya dawo nan. Har yau ba a gama ba. Shi ya sa kuke ganin Gizo a lungun rufin kowane gida yana leƙe, la'adarsa yake jira, mata kuma na binsa da tsintsiya.

To kun dai ji. Abin da iyaye suka bar muku tare, ku zauna a tabarma ɗaya ku yi maganarsa baki da baki, ko da ranku a ɓace yake. In kuka yi fushi kuka bar wani yana kai muku magana yana kawowa, shi zai ƙoshi, ku ku tashi da kango. Kuma duk wanda ya ce ku zo gefe ya gaya muku abin da ɗan'uwanku ya ce, ku ce masa ya jira a kira ɗan'uwan.

Ƙungurus, na sauke ta a kan ɗan kusu. Ku tashi ku kaɗe tabarmar nan, kuma Sallau, kwanon nan ba zai wanke kansa ba.